Tambayoyi da Amsoshi a kan Haɗa Farar Giyar Alkama Irin ta Beljiyam a Gida

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu koyon haɗa wannan giya a ƙaramar tukunya. Duk awon da aka bayar a nan na lita 20 ne, wanda shi ne adadin da yawancin masu haɗawa a gida suke yi a dahuwa ɗaya.

Mece ce farar giyar Beljiyam, kuma me ya bambanta ta da giyar alkama ta Jamus?

Giya ce mai matsakaicin ƙarfi, wadda ake haɗawa da tsiron sha'ir da ɗanyar alkama kusan rabi da rabi, sannan a ƙamsasa ta da 'ya'yan koriyanda da ɓawon lemu. Masu magana da harshen Holanci a arewacin Beljiyam suna kiranta witbier, masu Faransanci kuma bière blanche, kuma dukkansu suna nufin farar giya, saboda launinta ruwan ɗorawa ne mai haske ƙwarai wanda hazo ya lulluɓe har ya yi kama da fari. Ƙarfin barasarta yakan tsaya tsakanin kashi 4.5 da 5.5 cikin ɗari, ɗacinta kaɗan ne, kumfarta fara ce mai kauri, kuma tana da ɗan tsami a ƙarshen harshe.

Ta Jamus, wadda ake kira Weizen, da tsirarriyar alkama ake yin ta, ba a sa mata kayan ƙamshi ko kaɗan, kuma ƙamshin ayaba da kanumfari da ake ji a cikinta daga yis ɗinta yake fitowa. Wanda ya ɗauki yis ɗin Jamus ya zuba a haɗin Beljiyam zai samu abin sha mai daɗi, amma ayabar za ta danne lemun.

A ina ta samo asali?

Gidanta yankin Brabant ne, gabas da Brussels, musamman birnin Leuven da ƙauyen Hoegaarden da ke kusa da Tienen, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana dafa ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu giyar laga mai garau ta ƙwace kasuwa, har gidan dahuwa na ƙarshe a Hoegaarden, na Tomsin, ya rufe a 1957. Wani mai sayar da madara a ƙauyen, Pierre Celis, wanda ya taɓa taya aiki a wannan gida yana saurayi, shi ne ya farfaɗo da ita a 1966. Gobara ta cinye masana'antarsa a 1985, abin da ya sa daga baya ta koma hannun babban kamfanin da aka sani da Interbrew, shi kuma ya ƙaura zuwa Austin a jihar Texas ta Amurka ya buɗe wata a 1992. Kusan duk farar giyar da ake sha a duniya yau daga tsarin da ya dawo da shi ta samo kamanninta.

Doka ta yarda mutum ya haɗa giya a gidansa?

Ya danganta da inda mutum yake zaune, kuma wannan ce tambayar da ya kamata a warware kafin a sayi ko da bokiti. A Birtaniya an cire sharaɗin lasisi ga mai haɗawa don shan kansa tun 1963, a Amurka kuma gwamnatin tarayya ta halatta hakan da dokar da aka sanya wa hannu a 1978. Sayarwa kuwa tana buƙatar lasisi da biyan haraji kusan ko'ina. A jihohin arewacin Nijeriya da suka ɗabbaƙa shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000, haɗa giya da shanta laifi ne ga Musulmi, kuma a Kano hukumar Hisba tana kamawa tana farfasa kwalabe.

Ta fuskar addini hukuncin a bayyane yake: abin sha ne mai sa maye, saboda haka haramun ne a Musulunci, ko da an haɗa shi a gida da tsabtatattun kaya. Akan tambaya ko za a iya yin ta ba barasa. Amsar ita ce muddin yis ya ci sukari to barasa ta samu, kuma cire ta ƙarƙaf aiki ne na injinan masana'anta. Abin da za a iya yi a gida shi ne a tsaya a ruwan zaƙin da aka tafasa da kayan ƙamshi, a sanyaya shi, a ajiye a firji a shanye cikin kwana biyu ko uku, amma wannan ya fi kusa da lemun malt na kwalba.

Waɗanne kayan aiki ne ba makawa sai da su?

Tukunyar ƙarfe mara tsatsa mai cin lita 30 ko fiye, babbar jakar tacewa ta nailan wadda za ta ɗauki hatsin gaba ɗaya, ma'aunin zafi, bokitin roba irin na abinci mai murfi da makullin iska (ɗan abin da ake kafawa a murfi, wanda yake barin iskar tsima ta fita ya hana ta waje shiga), tiyo na jawo ruwa, kwalabe masu kauri da abin buga musu marfi, da kuma sikeli mai auna giram. Sai haidiromita, wato ɗan bututun gilashi mai yawo a ruwa wanda yake nuna yawan sukarin da ya rage. Mutane da yawa suna ganin za su iya tsallake shi, alhali shi kaɗai ne yake faɗin gaskiya a kan ko giya ta gama tsima, kamar yadda bayani zai zo a amsar da ta shafi zubawa a kwalba.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya buƙatar ɗauraya, irin su Star San, yana cikin jerin. Duk abin da zai taɓa ruwan bayan an sauke shi daga wuta, har da cokali da almakashin da za a yanka ledar yis, sai an wanke shi tukuna sannan a jiƙa shi a wannan magani.

Wane hatsi ake sawa, kuma nawa?

Awon da aka saba da shi shi ne kilo 2.2 na tsiron sha'ir mai haske irin na pilsner, kilo 2 na alkamar da ba a tsirar ba, da giram 300 na ots, wato hatsin nan da ake damawa da safe. Idan aikin ya tafi daidai, wannan zai ba da nauyin farko, wato awon sukarin ruwan kafin a zuba yis, na wajen 1.047 a haidiromita, kuma abin da ake nema yana tsakanin 1.044 da 1.052. Ots ɗin ne yake ba giyar santsi a baki. Ba a sa gasasshen tsiro ko mai launin karamel ko kaɗan, domin ɗan kaɗan ma yana rina ta ta tashi daga fara.

Game da ruwa, babban abin lura shi ne kulorin da ake sa wa ruwan famfo, domin yana haɗuwa da abin da yis ke fitarwa ya ba da ɗanɗanon magani. Rabin ƙwayar Campden, wato ƙwayar da ake jefawa a ruwa don kawar da kulorin, ya fi ƙarfin ruwan dahuwa ɗaya.

Me ya sa sai ɗanyar alkama, kuma me zai hana a yi da alkama zalla?

Ɗanyar alkama tana ba da ɗanɗanon gari mai taushi da launi mai haske, kuma furotin ɗinta ne yake riƙe kumfa yake kuma taimaka wa hazo. Sai dai ba ta da isassun sinadaran enzayim masu narkar da sitaci ya koma sukari, domin tsirarwa ce take tayar da su. Wannan dalili ne ya sa masu burukutu suke jiƙa dawa su bar ta ta tsira kafin su niƙa. A farar giya tsiron sha'ir ne yake yin aikin kansa da na alkama, shi ya sa ba a so ya gaza rabin haɗin.

Alkamar tana zuwa iri biyu. Akwai wadda aka turara aka murje ta yi fale-fale, wadda ake zubawa kai tsaye, kuma ita ce ta fi sauƙi ga mai farawa. Akwai kuma tsabar alkama ta kasuwa, wadda take da tauri ƙwarai, sai an ɓarza ta da kyau, kuma ya fi aminci a dafa ta daban ta yi kamar fate kafin a haɗa ta da sha'irin. Kada a mayar da ita gari lilis, saboda dalilin da ke cikin amsar toshewar tacewa.

Yaya ake jiƙa hatsin, a wane zafi?

Ana zuba hatsin a ruwan zafi wajen lita 14, a juya sosai har babu gudaji, a daidaita zafin haɗin ya tsaya tsakanin digiri 65 da 67 a ma'aunin Salsiyas, sannan a rufe a naɗe tukunyar da bargo na minti 60 zuwa 90. Tunda hatsin yana sanyaya ruwa, akan fara da ruwan da ya kai digiri 72 ko kusa da haka. Saboda yawan ɗanyar alkama, minti 90 ya fi 60 tabbas. Ana iya gwadawa da ɗigon aidin a kan farin faranti: idan ɗan ruwan da aka ɗiba ya koma shuɗi mai duhu, to akwai sauran sitaci, sai a ƙara lokaci, a kuma zubar da abin da aka gwada.

Wasu suna fara tsayawa a digiri 50 na minti 15 don rage danƙon alkama. Yana da amfani ga mai aiki da tsabar kasuwa, amma idan aka wuce wannan lokaci furotin ɗin da ake buƙata zai karye, giyar ta fito siririya mai saurin washewa. Bayan jiƙo sai a ɗaga jakar, a ɗauraye hatsin da ruwa mai digiri 76 har a tara lita 24 zuwa 25 a tukunya.

Ruwan ya ƙi sauka daga hatsin, me ya jawo?

Alkama ba ta da ƙaiƙayi irin na sha'ir, ots kuma yana da yauƙi, saboda haka su biyun suna danƙarewa su toshe hanyar ruwa. Maganinsa ɓuntun shinkafa ne, giram 200 zuwa 250, a ɗauraye shi a cakuɗa da hatsin tun farko. Ba ya ƙara ɗanɗano ko sukari, sarari kawai yake buɗewa. Mai amfani da jaka ba ya cika shan wannan wahala, tunda yana iya rataye ta ya matse.

Minti nawa ake tafasawa, kuma wane furen hops ya dace?

Tafasa ta minti 60 zuwa 90 ce, tukunya a buɗe. Tsiron pilsner yana sakin wani sinadari mai warin dafaffiyar masara, wanda tururi yake tafiya da shi, kuma rufe tukunya yana mayar da shi ciki. Hops, wato furen da yake ba giya ɗaci da ƙamshi, a wannan giya aikinsa rage zaƙi ne kawai, don haka ana zaɓar masu laushi irin su Saaz na ƙasar Cek ko Hallertau na Jamus, giram 30 a zuba saura minti 60 a sauke. Wannan yana ba da ɗaci wajen 12 zuwa 15 a ma'aunin IBU, alhali iyakar wannan giya 20 ce. Irin hops ɗin Amurka masu ƙarfin ƙamshi suna gogayya da ɓawon lemu, kuma galibi su ne suke yin nasara.

Koriyanda da ɓawon lemu nawa ake sawa, kuma yaushe?

A nan ne aka fi ɓata farar giya, kuma kusan kullum ta hanyar wuce gona da iri. Giram 10 zuwa 15 na koriyanda da giram 15 zuwa 20 na busasshen ɓawon lemu sun wadatar, a zuba su saura minti 5 a kashe wuta. Idan aka daɗe ana tafasa su, ƙamshin ya bi tururi, ɗaci da ɗanɗanon sabulu su zauna. Giyar da aka ƙamsasa daidai, mai sha yakan ji wani abu mai daɗi ya ɗan yi tunani kafin ya gane mene ne. Wadda aka ji koriyanda tun daga bakin ƙofa an riga an cika mata hannu, kuma babu hanyar ragewa.

Irin koriyandar yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ta Indiya, mai 'ya'ya dogaye kamar ƙwai masu ɗan haske, ƙamshinta na lemu ne. Mai 'ya'ya kewayayyu masu duhu takan karkata zuwa warin ganye, wani lokaci har ta sa giya ta yi ƙamshin miya. Hanyar ganewa ita ce a murƙushe 'yan ƙwayoyi a tafin hannu a shinshina: idan hanci bai ji lemu ba, giyar ma ba za ta ji ba. A daka ta sama-sama a turmi daf da lokacin zubawa, yadda kowace ƙwaya za ta fashe gida biyu ko uku. Garin koriyanda da ya daɗe a leda bai da amfani a nan.

Ɓawon da aka san giyar da shi na lemu mai ɗaci ne irin na tsibirin Curaçao, wanda ake sayarwa busasshe, kuma ƙamshinsa ya fi kama da na ganyen shayi da ɗan ɗaci fiye da na lemun sha. Wanda yake son a ji lemu sosai sai ya kankare fatar lemun zaƙi biyu ko uku sababbi, bayan ya wanke su da ruwan ɗumi, ya ɗauki saman mai launi kaɗai ya bar farin cikin, domin farin ɗaci ne zalla. Wasu suna ƙara giram biyu ko uku na furen kamomil, kuma yana dacewa matuƙar bai fito fili ba.

Wane yis ake amfani da shi? Na burodi zai yi?

Na burodi zai tsimar da ruwan ya fitar da barasa, amma abin da zai fito ba farar giyar Beljiyam ba ne, domin ɗan yajin nan da ɗan tsamin da aka san ta da su daga irin yis ɗinta suke. A cikin na ruwa an fi sanin Wyeast 3944 da White Labs WLP400, a cikin busassu kuma akwai LalBrew Wit da Mangrove Jack's M21. Ga wanda za a aiko masa da kaya daga nesa busasshen ya fi, saboda yana jure tafiya da zafi, kuma leda ɗaya ta ishi lita 20. Kada a zuba shi sai ruwan ya sauko zuwa digiri 20, kuma a sanyaya da sauri ta hanyar tsoma tukunyar a ruwan ƙanƙara, a kuma girgiza bokitin sosai don iska ta shiga kafin a rufe.

A wane zafi ya kamata ta tsima, kuma yaya mai zama a ƙasa mai zafi zai yi?

Ana so ta fara a digiri 18 zuwa 19 a kwana ukun farko, sannan a bar ta ta hau zuwa 22 don ta ƙarasa. A tuna cewa yis yana haifar da nasa zafin, ta yadda cikin bokiti yakan fi ɗaki da digiri biyu ko uku lokacin da aiki ya kankama. Idan zafi ya haura 26, yis yana fitar da barasa masu nauyi waɗanda suke da warin fenti da zafi a maƙogwaro, kuma ajiya ba ta gyara wannan. A ganina wannan mataki ya fi zaɓin kayan ƙamshi muhimmanci nesa ba kusa ba, ko da yake shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A wurin da ɗaki yake kaiwa digiri 30 ko fiye, hanya mafi tabbas ita ce tsohon firji da aka haɗa da na'urar daidaita zafi. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, sai a zaunar da bokitin a cikin baho mai ruwa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul wanda gefensa yake cikin ruwan, a riƙa sauya robobin ƙanƙara safe da yamma. Wannan dabara ta fi aiki a busasshiyar iska, saboda haka lokacin hunturu ya fi dacewa da dahuwa fiye da bazara ko damina.

Bokitin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kumfa kuma ta ƙi sauka. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba. Yis ɗin farar giya an san shi da fitar da warin farar wuta a makon farko, kuma warin yana tafiya da kansa idan aka ba shi lokaci. An kuma san shi da tara kumfa mai yawa wadda takan toshe makullin iska, saboda haka a bar sararin lita biyar ko fiye a saman bokiti. Yakan kuma yi sanyin jiki a tsakiyar aiki. Idan haidiromita ya tsaya a wajen 1.020, sai a ɗan jujjuya bokitin a hankali ba tare da buɗewa ba, a ɗaga zafi zuwa 22 kamar yadda aka faɗa a amsar da ta gabata.

Yaushe ake zubawa a kwalba, kuma sukari nawa ake ƙarawa?

Galibi bayan mako biyu zuwa uku, amma ba kwanaki ne suke yanke hukunci ba. Sai haidiromita ya nuna lamba ɗaya a awo biyu da ke da tazarar kwana uku, kuma lambar tana tsakanin 1.008 da 1.012. Daina ɓulɓular makullin iska ba hujja ba ce, domin murfin da bai kama da kyau ba ma yana sa ya yi shiru. Wanda ya zuba giyar da ba ta gama ba ya kuma ƙara mata sukari, kwalabensa suna iya fashewa, kuma gilashin da ya tarwatse yana raunata mutum. Ƙarfin barasa kuma daga waɗannan lambobi ake lissafa shi: a cire na ƙarshe daga na farko a ninka da 131, wato daga 1.047 zuwa 1.010 ya ba da kusan kashi 4.8.

Sukarin iska, wato wanda ake ƙarawa don yis ya ci a cikin kwalba ya samar da iska, giram 7 ne ga kowace lita, wato giram 140 ga lita 20, a narkar da shi a ɗan tafasasshen ruwa, a cakuɗa da giyar baki ɗaya a hankali kafin a rarraba. Wannan giya tana son iska fiye da yawancin giya, shi ya sa kwalaben dole su zama masu kauri. A zaɓi masu launin ƙasa-ƙasa, saboda hasken rana yana ratsa kore da fari ya ɓata hops. Bayan mako biyu a digiri 20 zuwa 22 iskar ta kama.

Giyata ta yi garau bayan ta kwana biyu a firji, ina hazon ya tafi?

Ya kwanta a gindin kwalba. Hazon haɗin yis ne da furotin ɗin alkama, kuma sanyi da tsawon lokaci suna saukar da su. Shi ya sa ake zuba kashi biyu cikin uku a kofi, a jujjuya ragowar a cikin kwalba har guiɓin ya tashi, sannan a ƙarasa zubawa. Idan tun farko ba ta yi hazo ba, a duba ko an daɗe a matakin digiri 50 da aka ambata a amsar jiƙo, ko an sa wani abin tace giya a tukunya, wanda ba shi da gurbi a wannan haɗi.

Ta yaya za a bambanta tsamin da ake so da na lalacewa? Akwai haɗarin guba?

Tsamin da ake so kaɗan ne, mai tsabta, yana zuwa a ƙarshe ya wuce. A zamanin da, farar giya ta fi ta yau tsami, saboda ƙwayoyin da suke tsamar da nono suna shiga cikinta, kuma mai son ya kusanci wannan yana iya sa giram 100 na tsiro mai tsami a cikin hatsinsa. Alamomin lalacewa su ne warin binega, farar yana a saman giyar, tsamin da yake ƙaruwa mako bayan mako, ko kwalabe masu ambaliya da zarar an buɗe. Tushensu kusan kullum tiyo ne ko bokiti mai ƙarzuwa wanda maganin tsabta bai kai cikinsa ba, kuma gara a sauya su da a sake gwada su.

Labaran makanta da mutuwa da ake ji daga barasar da aka tace da wuta ko aka gauraya da sinadarin metanol suke fitowa. Tsimar hatsi da yis ɗin giya ba ta samar da shi a adadi mai cutarwa. Haɗarin da ke cikin wannan giya shi ne na barasar kanta, ga mai ciki, da mai tuƙi, da mai ciwon hanta, sannan mai cutar rashin jure alkama ya nisance ta.

Har tsawon wane lokaci za a iya ajiye ta?

Ba giyar ajiya ba ce. Ta fi daɗi daga lokacin da iska ta kama zuwa wata biyu ko uku, bayan haka ƙamshin lemu da koriyanda yana dushewa, hazon kuma yana ƙara wuyar tashi. Da zarar an buɗe kwalba ɗaya an tabbatar iskar ta yi daidai, sai a kwashe sauran a sa a firji a tsaye, a sha ta da sanyin digiri 4 zuwa 6. Wanda ba zai iya shanye lita 20 cikin wannan lokaci ba sai ya raba duk awon da ke sama gida biyu ya dafa lita 10, lokutan jiƙo da tafasa da tsima kuwa suna nan yadda suke.